Yatsu Huɗu Daga Gindin Tanki

Shekarun baya, lokacin ƙafafuna suna jin maganata, autata tana shekarar ƙarshe a jami'a a Samaru, tana karatun injiniyan kayan noma. Ni kuwa ina Muchia da sana'ar da na gada wurin uwata, matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini guda, amma a Sabon Gari duk wanda ya san mai ya san nawa. Ka ɗaga kwalbata, ta cikinta za ka hangi mai wucewa a tsallaken titi.

Aka ce kowane ɗalibi sai ya ƙera wani abu kafin a sallame shi. Ita ta zaɓi tankin ajiye man gyaɗa mai famfo, wai don mata irina su huta da kamfata da moɗa daga duro. Za ta zana shi a kwamfuta, mai walda ya haɗa, ranar jarrabawa a buɗe famfo a gaban malamai. In ya yi, ta fita. In bai yi ba, ta maimaita shekara. Duk wannan a bakin yayarta na ji. Ita ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban ce uffan ba.

Ran nan ta zo ta ce, "Inna, shirya mu je ki ga tankinki." Na ɗaura zanen fita, muka hau motar Samaru, muka ƙarasa Bomo inda suke haya da ƙawarta, wata 'yar kudancin Kaduna mai yawan dariya. Kwamfutar ma ta ƙawar ce. Na shiga ɗaki ina waige-waige ina neman tanki, sai Auta ta nuna mini gilashin na'urar.

Wani abu ne toka-toka, zagayayye, a tsaye. Tana motsa hannu yana juyawa. Na duba samansa, na duba gindinsa, ko'ina a toshe.

Na ce, "Auta, wannan ai gungume ne. Turmin da ba a sassaƙe cikinsa ba. Shekara biyar kina makaranta, a ina man zai zauna?"

Ƙawar ta kifa fuska a filo, kafaɗunta suna rawa.

Auta ta ce, "Haba Inna, ki bari ki gani mana." Ta nuna mini yadda ake yi. Da fari a zana da'ira, a ja ta sama ta zama gungumen da na faɗa. Sannan a ce wa na'urar ta fafe cikinsa kamar yadda ake fafe duma, ta bar bango daidai kaurin ƙarfen da za a saya. Ta danna wani wuri, tankin ya rabe biyu kamar an sa wuƙa a kabewa. Ga ciki nan fayau, ga bango siriri, ga murfi. Ashe tun tuni a fafe yake, ni ce ban san ana leƙawa ba.

To a nan idona ya sauka kan ramin famfon. Daidai gindin tankin ta sa shi, ko tazarar farce babu.

Duk macen da ta taɓa matsar mai ta san mai ba ruwa ba ne. In ka zuba shi a duro sai ya kwana uku yana sauke gwiɓa, wato lakar gyaɗar nan da ke kwantawa a ƙasa. Shi ya sa muke kamfata daga sama, ba ma taɓa gindi. Famfon da ke gindi kuwa, abin da zai fara tofarwa a gaban malamai shi ne wannan laka, in ma bai toshe ba.

Maganar ta zo har bakina. Sai na kalli ƙawar, tana ta share hawayen dariya. Na ce a raina, tunda 'yan boko ne, su da na'urarsu. Na gyara mayafi na ce, "Ya yi kyau. Allah ya sa albarka."

Na koma gida na ci gaba da sha'anina, ko in ce na yi kamar na ci gaba. A kwanakin nan na ƙona ƙuli kasko biyu, abin da ban yi ba tun ina amarya. Da na ji an kai takardar zanen wurin mai walda, sai na sami dabara. Mutumin na san shi, wani Ibo ne da ya tsufa a Sabon Gari, shi ke liƙe mini duro. Na same shi ya riga ya naɗe ƙarfen, tanki ya tashi tsaye, saura gindi da murfi da hudar famfo.

"Mama, sannu da zuwa. Duro ya sake yoyo?"

Na ce, "Tankin yarinyata na zo gani. Ramin famfon nan, ka ɗaga shi sama yatsu huɗu. Kuma kada ta ji."

Ya ture tabaran waldarsa goshi, ya ɗauko takardar ya shimfiɗa. "Mama, ni wannan nake bi. Malamansu da tef suke zuwa, su auna ƙarfe su duba takarda. In suka saɓa, ba za su ce Mama ba, ba za su ce mai walda ba. Yarinyarki za su kayar."

"To kai ba ka da ido ne?"

"Idona na ƙarfe ne, mai naki ne. Ki je ki gaya mata mana. Ko tsoronta kike ji?"

Na ce, "Wa ke tsoron abin da ya goya?"

Ya yi dariya ya ce, "To jibi da safe zan huda. In na huda, na huda."

Washegari na cika kwalba biyu daga duro ɗaya, guda daga sama, guda na kankaro daga gindi. Na ƙulla ƙuli a leda don kada a ce na je hannu rabbana. Na same su su biyun a ɗaki. Na jera kwalaben a gaban na'urar, ɗaya garau, ɗaya kamar ruwan kududdufi.

Na ce, "Duro ɗaya ne. Wannan baƙin shi ke kwana a inda kika sa famfonki."

Auta ta kalli kwalbar, ta kalli gilashin, ta daɗe tana kallona. Na shirya amsa iri-iri, amma abin da ta ce kawai shi ne, "Inna, ina yake tsayawa?"

Na haɗa yatsuna huɗu na nuna mata. Ta ce tankinta tsayinsa ɗaya da duro. Ta ɗauko rula, ta kama hannuna ta kwantar a kan tebur, ta auna. Ta buga lambar a na'ura, ramin famfon ya yi tsalle ya hau sama. Ta ce to ita gwiɓar ta ina za ta fita? Ta karkata gindin kaɗan, ta buɗe wani ƙaramin rami a ƙasa mai toshiya. Tunda baki ya riga ya buɗe, na ce murfin ma ya yi ƙanƙanta, tankin da hannu ba ya shiga a wanke shi wari zai yi. Ta faɗaɗa. Duk abin nan ko tafasar ruwan shayi bai kai ba. A nan na ga amfanin na'urar: ka yi kuskurenka a hoto tun ƙarfe bai sha wuta ba.

Ƙawar ta ce, "Mama, yau babu gungume?"

Na ce, "Ke dai ci ƙulinki, 'yar nema."

Da yamma aka kai wa mai walda sabuwar takarda. Na ba da jarka biyu na sabon mai, na ce a zuba tun saura kwana uku ya samu ya kwanta. Ranar jarrabawa ban je ba, ina da suya. Auta ce ta ba ni labari. Wai an buɗe famfo, wani malami ya ɗaga kwalbar saitin taga ya gyaɗa kai. Wani ya ce rami biyu na mene ne, ɓarnar ƙarfe? Ta zare toshiyar ƙasa, laka ta zubo a roba. Ta fita a shekarar.

Yanzu in na ba da labarin nan, mutane sukan ce kai, tsohuwa ta fi na'ura. Nakan bar su, don yabo ba ya ƙona kunne. Amma ni na san abin da ya faru. Na'ura ba ta yi laifi ba, abin da aka gaya mata ta zana. Yarinya ba ta yi laifi ba, ba ta taɓa kankare gindin duro ba, don ni na hana ta zama kusa da kasko na ce ta je ta yi karatu. Wadda ta gani da idonta ta yi shiru saboda an yi mata dariya, ni ce. Da mai walda mai saurin hannu ne, da shekara guda ta 'yata ta tafi a kan girman kaina.

Har yau ban ce mata na yi kuskure ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Ita ma, Allah ya yi mata albarka, ba ta taɓa tambayata kwana nawa na yi da maganar a ciki ba. Kwana tara ne.