Karan da Muka Ƙona a Makokin Yaya Haruna

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Haruna. Lokacin ina ajin ƙarshe na firamare, yanzu ina kwaleji a Gidan Rumji.

Ɗalibi ne a jami'a a Yamai, ya gama digirin farko a fannin noma, yana kan binciken na gaba. Bincikensa a kan gara ne. Ya taɓa ba ni labarin wata dabba a ƙasashen sanyi mai kayar da itace da haƙoranta, ta tare rafi, ruwa ya tsaya, ƙasa ta sha. Mutanen can sun daɗe suna kashe ta kafin su gane amfaninta. Ya ce tamu dabbar ita ce gara. In aka shimfiɗa kara da kashin shanu a kan fako, ƙasar nan mai tauri da ruwan sama ke wucewa ta kanta, gara za ta zo ci, ta hudo ƙasar, ruwa ya sami hanyar shiga.

Shekarar da ake ta yajin aiki da muhawarar jam'iyyu aka rufe jami'a, ya dawo ƙauyenmu kusa da Cadakori. Baba ya ba shi fakon bayan gari. Ya raba shi gida takwas, ya shimfiɗa kara, ya kafa turaku da jan ƙyalle a kai. Nakan hango shi durƙushe da gwangwanin tumatir da ya cire wa gindi. Sai ya kafa shi a ƙasa, ya zuba ruwa, ya zuba wa agogo ido, leɓensa na motsi.

Kawu Idi, wan Inna, ba ya wucewa bai tsokane shi ba.

"Malam Haruna, ya kiwo? Garar ta yi ƙiba?"

"Kawu, bari damina ta faɗi, da ƙafarka za ka zo aro."

"Aron gara? Zo rumbuna ka kwashe, har goro zan ba ka!"

Damina ɗaya kawai yake jira. Ana tsakiyar zafin bazara sanƙarau ya kama shi. Ya cika a kan amalanke, kafin a kai shi likita.

Gida ya cika da masu gaisuwa, daga Gazawa har ƙetaren iyaka. Rana ta biyu itacen girki ya ƙare. Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ta kira ni da 'yan matan maƙwabta.

"Ke Rabi, ku je bayan gari ku kwaso karan can. Yana nan zube gara na ci a banza."

Na san abin da karan yake. Duk gidan, ban da Yaya, ina jin ni kaɗai na sani. Na buɗe baki, na ga idon Inna a kumbure, na ga baƙi zaune ba su ci ba, sai na ɗauki igiya. Sahu uku na yi. Duk inda na ɗaga kara sai in ga jar laka da gara ta lulluɓe shi da ita, ƙarƙashi kuma ƙananan ramuka kamar idon rariya. Jan ƙyalle ɗaya ya maƙale a ɗaurin da na ɗauko. Ina kallo ya kama wuta ƙarƙashin tukunyar tuwo. Gida na takwas ne kawai ya tsira, don ya fi nisa kuma mun gaji.

Da aka buɗe jami'a wani abokinsa ya zo, ya karɓi littattafansa, ya duba filin. Ya ce gida ɗaya ba ya zama hujja. Bai sake dawowa ba.

Bayan rasuwarsa an yi zaɓe, 'yan takara sun zo da lasifika sun yi alkawarin takin zamani sun tafi. Fakon ya ci gaba, ya shiga gonar Baba da ta Kawu Idi. Da Yaya na nan, ina jin ba zai tsaya sauraron lasifikar ba. Zai tambayi wa ya ƙona karan gonarsa bana, a ce masa kowa.

Gida na takwas ya fid da ciyawa a daminar farko. Baba ya shuka gero, ya yi. Ya ce albarkar mamaci ce. Bayan girbi kuma sai ya share wurin tas, kamar yadda manomin kirki ke yi, ƙasar tana ta komawa taurinta.

Bana na yi magana. Na sami Baba a wurin da manjagara a hannu, na ce, "Baba, a bar karan nan."

Ya daɗe yana dubana. "Ke ma?"

Ya saɓa manjagarar ya tafi, bai taɓa karan ba.

Yaya bai bar takardar digiri na biyu ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya rage nasa gida na takwas ne, taku bakwai a tsaye, biyar a kwance. Ranar Juma'ar da ta wuce na ɗaga kara ɗaya a wurin. Akwai jar laka a jikinsa. Na mayar da shi yadda yake.