Sunan Mijin Iya Habiba

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwar Deptford da ke Landan ya san Iya Habiba, ko da bai san sunanta ba. Gajeruwar tsohuwa ce mai jan keken cefane, da katuwar kwat a kan zani, ko ana zafi ko ana sanyi. Ba ta wuce teburin masu kifi sai ta danna cikin kifi da yatsa ta ce wannan ba na yau ba ne.

A Agege aka haife ta, cikin Hausawan Legas masu fataucin goro. Can ta ga mutumin da ta aura, wani dogo mai yawan shiru, wanda ya gangaro daga wani ƙauye bayan Gusau ya kama aiki a ɗakin injin jirgin ruwa. Ranar da aka ɗauke shi aiki, akawun kamfani ya tambayi sunansa, ya faɗa, akawu ya ga ba zai wahalar da kansa ba, ya rubuta Peter Lagos. Da wannan suna ya yi ta ƙetare teku, da shi ya sauka Landan, da shi ya aika aka kawo masa matarsa. Abokan aiki kuwa Dogo suke ce masa.

Habiba ba ta taɓa kiransa Peter ba, ba ta kuma taɓa kiran sunansa na yanka ba. Haka ta tarar uwarta na yi, haka kakarta. Mace ba ta ambatar sunan miji, ba ta ambatar na ɗan fari. In zancensa ya taso sai ta ce "shi", ko "mutumin gidan nan". Da ta haifi Muniru, shi ma ya zama "yaron nan", har ya yi furfura.

Dogo ya bar manyan jirage ya koma sauke katako daga kwale-kwalen kaya a bakin kogin Deptford, don ya riƙa kwana gida. Wata safiya cikin tsananin sanyi ƙafarsa ta zame, ya faɗa tsakanin kwale-kwale da bangon gaɓa. Sai da ruwa ya janye aka same shi cikin laka. Lokacin Muniru bai daɗe da shiga makaranta ba.

Ba ta koma gida ba, ba ta sake aure ba. Ta yi wankin zannuwan gado a gidan wanki har fatar hannunta ta zama kamar ta kada, daga baya ta koma wanke tukwane a kicin ɗin wata makaranta. Da haka ta raini yaron. Muniru ya san sunan ubansa, don Malam Abdul-Basit, abokin Dogo tun a jirgi, ya faɗa masa. To amma Muniru mutum ne mai ɗaga komai zuwa gobe. Malam Abdul-Basit ya rasu, sauran mutanen jirgi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma Muniru zuciyarsa ta buga yana jiran bas, ya cika, bai taɓa zaunar da 'yarsa Ikram ya faɗa mata ba. Sai ya zama a duk faɗin Landan Habiba kaɗai ta rage da sunan a kanta, kuma ba ta iya rubutu ba.

Ana nan sai masu ƙungiyar tarihin unguwa, waɗanda ke taruwa a laburare ran Asabar suna tona asalin iyalan bakin kogi, suka ce za su kafa dutse a gaɓa, a sassaƙa sunayen ma'aikatan da ruwa ya ci. Suka nemo Ikram a Abbey Wood inda take zaune. Shugabarsu, wata tsohuwar Baturiya wadda ita ma kakanta a kogin ya mutu, ta ce sun san Peter Lagos ba sunan gaskiya ba ne. In iyali suka kawo na gaskiya kafin a miƙa wa mai sassaƙa, shi za a sa.

Ikram ta hau jirgin ƙasa ta zo gidan kakarta da murna. Hausa takan ji, amma in ta buɗe baki rabi Turanci ne.

"Iya, mene ne sunan Grandad? Na gaskiya?"

Habiba tana tsince shinkafa. Ta ce, "Ƙawata, kin rame. Ba sa dafa abinci a unguwarku ne?"

"Iya, sunansa nake tambaya."

"Dogo suke ce masa."

"Wannan ba suna ba ne. Za a rubuta a dutse, kowa ya gani."

"Dutse? Shi da ke kwance shekara da shekaru, me dutse zai ƙara masa? Ki yi masa addu'a."

Amma hannunta ya tsaya cikin shinkafar. A ranta tana son dutsen nan. Ta daɗe tana jin ciwon Peter ɗin da aka liƙa wa mutumin da bai taɓa barin salla ta wuce shi ba, ko a ɗakin inji. Ta buɗe baki, sunan ya zo har kan harshe, ta ji kamar an ce ta tuɓe zani a tsakiyar kasuwa. Ta rufe.

Ta ce, "Ki samo mini mai irin sunan, in nuna miki shi."

Ikram ba ta gane ba. Ta ɗauka wasa ake mata, ko kuwa tsohuwar ta tsani mijin ne. Ta miƙe tana hawaye ta ce, "Daddy ma ba ki taɓa kiran sunansa ba. Har a makabarta 'yaron nan' kika ce. Wace irin zuciya gare ki?" Ta ja ƙofa ta fita, ta ɗauke ƙafa.

Akwai wata mata, Chundung, 'yar Jos, wadda hukumar unguwa ke turowa da safe ta taimaka wa Habiba da wanka. Ita ta lura tsohuwar ta daina taɓa abinci. Da ta ji abin da ya faru ta riƙe haɓa.

"Kai, Mama! Yaran nan ai ba su san kunya irin taku ba. Ni da na tashi cikin Hausawa na sani."

Ta buga wa Ikram waya a gabanta. "Ke, ba ƙi ba ne, girmamawa ce. Kuma abin da sauƙi. Ki zauna kusa da ita ki riƙa kiran sunayen maza. In kin zo kan nasa za ta sunkuyar da kai ta kau da fuska. Shi ke nan, kin samu, ita kuma ba ta faɗa ba."

Habiba ta yi dariya, rabonta da dariya an jima. Ta ce a gaya wa ƙawarta ta zo ran Lahadi, za ta yi mata miyar kuka.

Ran Juma'a da hantsi Chundung ta buɗe ƙofa ta sami Habiba kwance a ƙasan kicin, baki ya karkace, ɓarin jiki ɗaya ya mutu.

Ta jima a asibiti kafin magana ta dawo. Da ta dawo, wata rana da la'asar, Ikram da Chundung suka ja kujeru bakin gado. Ikram ta kama hannun mai lafiyar.

"Iya, ki yafe mini. Zan kira, ke dai ki saurara. Garba."

"Garba," in ji Habiba, a fili, tana kallonta ido cikin ido.

Ikram ta dubi Chundung. Ta ci gaba. "Haruna."

"Haruna."

"Isiyaku. Lawal. Mamman."

Duk wanda aka kira sai tsohuwar ta maimaita, tana murmushi da rabin baki kamar mai koyon karatu. Chundung ta karɓa, ta zuba duk sunan da ta taɓa ji a Jos, na liman da na mahauci da na direba. Habiba ta bi su duka. Ba ta sunkuya ba ko sau ɗaya. Chundung ta juya tana share ido da bakin rigar aiki, don ta gane ciwon ya tafi da kunyar, ya kuma tafi da abin da kunyar ke tsaro. Wataƙila sunan yana cikin waɗanda ta faɗa. Ba mai iya sani.

Can sai Habiba ta dubi ƙofa ta ce, "Ina Muniru? Muniru bai taso daga makaranta ba?"

Ikram ta kifa kai a kan katifa. Tunda take ba ta taɓa jin sunan ubanta a bakin nan ba.

Masu ƙungiya sun yi haƙuri, sun ɗaga lokaci, sun sake ɗagawa. Ikram ta yi cigiya a masallacin Whitechapel, aka yi waya Agege, aka ce masu goron wancan zamani duk sun kwanta dama. Daga ƙarshe aka miƙa wa mai sassaƙa abin da ke akwai.

Ranar buɗe dutse ana yayyafi, ruwa ya janye, laka ta fito tana wari. Ikram ta turo kakarta a keken marasa lafiya, an lulluɓe ta da tsohuwar kwat ɗinta. Aka karanta sunaye, kowane iyali na ɗaga hannu in an zo kan nasu. Da aka watse Ikram ta matsa da ita kusa, ta ɗora yatsun tsohuwar a kan rubutun.

"Ga shi nan, Iya. Peter Lagos."

Habiba ta shafa dutsen, ta janye hannu saboda sanyi. Ta ɗaga kai ta ce, "Wane ne Peter? Allah ya ba mutanensa haƙuri."