Kofi a Kokon Baba

Shekarar da sojoji suka koma bariki, a ita haƙoran Baba su ma suka yi murabus. Na gaba suka fara tafiya, turame suka bi baya. Ga wani, sai ya koma tuwo da miyar kuɓewa ya yi zamansa. Amma Baba dillalin goro ne a Agege tun kafin a haife ni, kuma idan bai tauna goro ba, idonsa ba ya buɗewa.

Na sayo masa magogi, irin wanda tsofaffi ke goge goro da shi. Ya dubi magogin, ya dube ni.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "kai wa kakan wani. Ni ban tsufa ba."

Babu goro, sai gyangyaɗi. Hantsi na yi, kan Baba zai fara gaishe da huhunan goro ɗaya bayan ɗaya. Matan Yarabawa masu kawo kaya su tsaya a kansa suna gaishe shi da "Baba, e kaaro o!", su gaji, su wuce rumfar gaba. Labari ya kai Kano wurin Yayana, ya aiko cewa yana tafe bayan Sallah, in ya tarar gaskiya ne zai tafi da Baba gida ya huta. Na san Baba, in aka raba shi da rumfar nan an gama da shi, ni kuma ba na son zaman Legas babu shi.

Wata maƙwabciyarmu 'yar Kudancin Kaduna, mai aiki a wata masana'anta a Ilupeju, ita ta kawo shawara.

"Ba shi kofi mana! Mu shi ke riƙe mu a shif ɗin dare, abi kin zaci ƙarfinmu ne?"

Matsalar, Baba ya tsani kofi. A wurinsa abin shan direbobin bas ɗin danfo ne, shi ya sa suke tuƙi kamar ana bin su. Na je wurin mai shayin layinmu, ɗan Maraɗi da ke kiran kofi "kafe", na samo tarihi. Ya ce wani makiyayi ne a Habasha ya ga awakinsa suna tsalle bayan sun ci 'ya'yan wata bishiya, daga baya malaman Yaman suka riƙa dafawa don kada barci ya raba su da zikiri. Na kawo wa Baba, ina jaddada wurin malaman.

"Abin da akuya ta gano shi zan sha?" Ya juya mini baya.

To, dabara ta rage wa mai shiga rijiya. Na ɗanɗana duk abin da ke teburin mai shayin. Na 'yar leda, wanda aka haɗa da madara da sukari, alewa ce kawai ta yi wanka. Gahawar da shi kansa yake sha, mai citta da kanumfari, tana da ƙarfi, sai dai ƙamshinta kan riga ta shiga ɗaki. Na tsaya a kan na gwangwani, mai narkewa tas. Na daina yi wa Baba kokon gero, na koma na jar dawa don launi ya saje, na cika masa kayan yaji, na riƙa zuba kofin ciki a ɓoye.

Ranar farko hannuna ya zarce. Baba ya kwance huhu da kansa, ya yi faɗa da ɗan acaɓa, sannan ya zaunar da 'yan rumfa yana yi musu bayanin dimokuraɗiyya har la'asar. Daga nan na san ma'auni: rabin cokali. Cinikinsa ya dawo, ni kuma ina ta yi wa kaina kirari.

Yaya ya iso. Da safe ina dama koko, ya jawo kujera ya zauna a gefena yana ba ni labarin dangi. Gwangwanin yana cikin buhun dawa, ƙarƙashin gwiwar hannunsa. Kuma Yaya bakinsa ba ya riƙe magana. Na aike shi neman ludayi, ya miƙo mini daga inda yake zaune. Haka na ɗauki koko fanko, babu kofi, na kai wa Baba.

Ya kurɓi ludayi ɗaya, ya ajiye. Ya leƙa ƙofa, ya ga Yaya ya tafi wanke hannu, sannan ya yafito ni.

"Uwata, yau kin manta abu."

"Me fa, Baba?"

"Tun ina saurayi ɗaci nake sayarwa. Ke kin zaci zai shiga kokona ban gane ba?" Ya turo mini kwanon. "Maza koma ki zuba, cokali guda cur. Yaron nan da gaske ya zo, ni kuwa ba inda zan je in bar ki."