Jakin da Ban Sayar Ba

Shekara huɗu na yi ina ɗaukar kayan koli a ka kafin in mallaki jaki. Zamanin Turawa ne, lokacin da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama, muna zaune a garin da yanzu ake ce wa Tsohon Birnin Gwari. Gishiri, kanwa, allura, zare da ɗan sabulu nake kaiwa ƙauyuka, in dawo da barkono ko zuma. Duk wanda bai taɓa tafiyar yini guda da gishiri a ka ba, kada ya zo ya yi mini wa'azin haƙuri. Gashin tsakar kaina ya ƙare tun ina ɗan ashirin da biyar, kuma ba gado ba ne, don gidanmu ba mu da sanƙo.

Ranar da na shigo da jakin gida matata ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Auraki ne, wato babban jaki mai hasken gashi, mai faɗin ƙirji, ba ya cizo ba ya harbi. Duk abin da na tara a shekara huɗun nan shi ne yake tsaye a tsakar gida yana kaɗa kunne. Ba ni da wani jari bayan shi, sai ɗan abin da nake juyawa a mangala.

Ni da kaina na jawo wa kaina. Kowa a ƙasarmu ya san ba a bi da dabba ta kurmi da damina, saboda ƙudan tsando. Zuwa Dogon Dawa hanya biyu ce: ta tudu mai zagaye, da ta kurmi wadda ke bin gefen rafi, tana rage wa mutum kusan rabin yini. Fulani ma da suka fi mu sanin daji janye shanunsu suke yi daga wurin in ruwa ya sauka. Amma na ji labarin gishiri ya yanke a Dogon Dawa, kwaɗayi ya ce in riga sauran 'yan koli.

Matata ta ce, "Maigida, ka bi ta tudu."

Na tambaye ta tun yaushe aka naɗa ta madugu. Na bi ta kurmi, ina ganin ƙudan suna sauka a cikin jakin da wuyansa, ina korarsu da ganye. Na riga kowa isa, na sayar da gishirina da daraja, na dawo ina hura hanci.

Bayan kamar mako uku wani dattijon Bafillace da ke sayen kanwa a wurina ya zo ƙofar gida. Muna cikin gaisawa sai idonsa ya tsaya a kan jakin. Ya matsa ya ɗaga masa fatar ido, ya shafa gashin bayansa, ya lalubi ƙarƙashin muƙamuƙinsa.

Ya ce, "Kaɗo, ina ka kai shi?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce sammore ne, cutar da tsando ke sa wa dabba. Yanzu ba mai ganewa sai wanda ya tashi cikin dabbobi, amma nan da wata biyu zai rame ya kwanta. Na tambayi magani. Ya ce da saniya ce da sai a gwada, amma jaki, ko malamin dabbobi na En'e, hukumar sarki, ba ya ɓata allurarsa a kansa. Ya ɗauki kanwarsa ya tafi ya bar ni a tsaye.

Tsoro na ji, ba tausayin jakin ba, gaskiya ke nan. Wuyana ya fara ciwo tun ban ɗora komai ba. Matata kuma tana da cikin wata bakwai.

Na fara zuwa wurin wani abokina da ya dawo daga soja, mutum mai kaifin kai, wanda ya ga duniya. Ya saurare ni ya ce, "Kai, wannan ai ba abin tayar da hankali ba ne. Can inda muka je, in abu ya rikice, tambaya ɗaya ake yi: wa zai fi cutuwa? Ranar kasuwa ayarin fatake zai sauka. Madugunsu yana da jakai sun fi talatin, kullum yana neman ƙari. Ɗaya ya mutu, ko a jikinsa. Kai kuwa in wannan ya mutu a hannunka, kai da iyalinka kun zauna. Sayar masa, ka sayi wani." Wallahi maganar ta shige ni, har na ji kamar ma alheri zan yi.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, sai na biya wurin malamin unguwarmu bayan la'asar. Ban ce ni ba ne. Na ce, "Allah gafarta Malam, wani mutum ne yake da dabba, mai saye kuma bai tambaye shi komai ba." Malam ya dube ni ta saman littafinsa, irin kallon da ke nuna ya san wani mutumin. Ya ce wanda ya san aibi a hajarsa dole ya faɗa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Wanda bai sani ba kuwa, babu laifi a kansa.

Na yi godiya na tashi da rabin amsar, na bar masa rabin. Kafin in kai gida na gama shari'ata. Ai ni ban sani ba. Zato ne na Bafillace, shi kuwa likita ne? Jaki yana cin abincinsa, yana kuka da asuba kamar kowane jaki. Jikana da ke karatun kasuwanci ya taɓa gaya mini cewa masana sun daɗe suna gardama, wasu na cewa doka za a duba, wasu na cewa a auna amfani da cuta. Na ce masa ni na haɗa duka biyun a rana ɗaya, kuma kowanne na murɗe shi har ya ba ni abin da nake so.

Kwana biyar na yi ina ɗura wa jakin dusa da kanwa. Safiyar kasuwa na wanke shi a rafi, na goge shi har yana sheƙi. Matata tana kallona tana ta dakanta. Da ta yi faɗa da na fi jin daɗi, don na tanadi amsa.

A kara, wato gefen kasuwa inda ake cinikin dabbobi, akwai wani tsohon dillali da ke zama ƙarƙashin tsamiya. Gajere ne, haƙoransa sun kusa ƙarewa amma bai bar goro ba, sai ya kankare shi da wuƙa. Samari ba sa son kai masa dabba don yana da nawa. Ni shi na zaɓa, saboda na san da shi fatake suka fi yarda. Yana da wata al'ada tasa. Sauran dillalai, in an sallama, su ke karɓar igiya daga mai dabba su ba mai saye. Shi ba ya haka. Sai ya mayar wa mai dabba igiyarsa, ya tsayar da shi gaba da gaba da mai saye, ya ce, "Miƙa da hannunka," sannan ya ja baya. Mu dai mun ɗauka rikicin tsufa ne.

Ya zagaya jakina sau ɗaya, ya duba haƙora, ya ɗaure shi a turke. Madugu ya zo wajen hantsi, ya dube shi sama-sama ya ce jaka mace yake nema, ya wuce. Na bi shi da ido har ya ɓace cikin mutane. A nan ya kamata in ja jakina in koma gida, amma na zauna.

Rana ta take tsaka sai ga wani Bagwari, manomi, daga ƙauyukan bayan dutse. Matarsa tana biye da shi da babbar ƙwarya cike da doya a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Dukansu sun manyanta. Ya tsaya gaban jakin yana murmushi, ya shafa masa goshi. Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Ya dubi matar, ya dubi dillali, ya ce da Hausarsa wadda ba ta gama nuna ba, "Don ita ne. Kafaɗa ya gaji." Ya ƙara kaɗan, na ji bakina ya ce na sallama.

Tsoho ya kwance igiyar daga turke ya sa mini a hannu. "To, ɗana, miƙa da hannunka." Ya ja baya ya ciro goronsa.

Lissafin abokina ya riga ya tafi tare da madugu. Wannan mutumin ba shi da jakai talatin, ƙullin tsumman da yake kwancewa daga ɗamararsa shi ne nasa shekara huɗun. Na koma ga rabin amsar Malam, na ce a raina ai ban sani ba. Amma abin da ke faɗuwa a zuci cikin sauƙi kana tafiya kai kaɗai, ba ya faɗuwa in mutum yana tsaye taku ɗaya daga gare ka yana kallon idonka. Na sani. Tun ranar da nake korar ƙudan nan da ganye na sani. Gumi ya keto mini, igiya ta yi nauyi, tsoho kuwa yana ta kankarar goro kamar ba shi a wurin.

Na ce, "Tsaya. Jakin nan ya bi kurmi da damina. Tsando ya cije shi. An ce mini sammore ne, ba zai wuce wata biyu ba."

Murmushin mutumin ya ɗauke. Ya juya ya yi wa matarsa magana da yarensu. Ta dube ni tsawon lokaci, ban san me ta gani ba. Shi kuma ya ɗaure tsummansa, ya ce, "Na gode," suka wuce, doyar tana nan a kafaɗarta.

Masu ba da labari kan ce a irin wannan lokaci mutum yana jin sanyi a ransa. Ni haushi na ji. Duk kara ta ji abin da na faɗa, babu wanda zai ƙara taya jakin ko da kwabo. Na ja shi muka kama hanya ina zagin tsohon a zuci, shi da al'adarsa ta banza. Da ya karɓi igiyar kamar kowane dillali, da tuni an gama.

Matata ta gan mu mun shigo tare. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Sannunku da zuwa, ku biyu." Ta kawo mini ruwa, ta durƙusa har na shanye, abin da ta kwana biyar ba ta yi ba.

Jakin ya yi mako bakwai. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ranar nan ya kwanta bai tashi ba, kwana kaɗan kafin matata ta haihu. Ni da maƙwabcina muka ja shi bayan gari. Bayan suna na naɗa gammo na koma ɗaukar kaya, kuma sai da na ƙara shekara uku a haka. Abokina soja ya ce bai taɓa ganin wawa irina ba. Wasu ranakun, a kan hanya, nakan yarda da shi.

Tsohon dillali kuwa na daina gaishe shi. In zan shiga kasuwa sai in zagaya ta wajen mahauta don kada in bi ta tsamiya. Haka muka yi har bayan kaka. Wata ranar kasuwa shanu suka tare waccan hanyar, dole na bi ta gabansa da kaya a ka, na kawar da fuska.

Ya ce, "Kai, mai fushi da tsoho, zo nan."

Na tsaya ban sauke kaya ba. Na ce, "Baba, ai ka gama da ni. Ga abin da al'adarka ta jawo mini."

Ya yi dariya har yana tari. Ya ce, "Kana tsammanin ban gani ba? Shekara arba'in ina cikin dabbobi. Tun kana shigowa kara na ga idon jakin nan. Ka wanke shi, ka goge shi, amma ba ka iya wanke ido ba."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Na ce in ba ka numfashi goma. A na bakwai ka yi magana."

"Da na kai goma fa?"

"Da na faɗa da bakina, gaban kowa, kuma da ba ka ƙara sayar da ko allura a kasuwar nan ba. Bagwari dai ko ta yaya zai koma da kuɗinsa, wannan ban damu ba. Kai nake jira in ga ko za ka fita."

Na sauke kayan a nan cikin ƙura, na tsuguna na gaishe shi yadda ake gaida uba. Ya gutsuro goro ya ba ni.

Na yi fiye da shekara hamsin ina ciniki bayan wannan. Mutane suna cewa ni mai gaskiya ne, har akan aiko yara daga nesa a ce su saya a wurina kada su je ko'ina. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Amma ni na san tazarar da ke tsakanina da wani sunan daban: numfashi uku ne, kuma ba nawa ba ne, wani tsoho ne ya ba ni aro alhali yana iya tona ni tun a na farko. Allah ya jiƙansa, ya yi masa irin jinkirin da ya yi mini.