Mai Duban da Ya Ƙi Faɗin Gobe

Ranar da har yau nake tunawa ita ce ta ƙarshen ɗaukar fim ɗin ƙanena Bashiru, a gefen kufan Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir. Ni matar gida ce a garin Isa, sai ya roƙi maigidana a ba shi aro na, in kula da tufafin 'yan wasa da kwalliyarsu.

Labarin na wani ɗan sanda ne da ya shiga na'ura ya koma zamanin tsohon Gobir, yana neman mai duba ya nuna masa ɓarawo. Na'urar tsohon firji ce da aka manna wa fitilu. Kyamarar kuma ta aro ce, mai ita ya ce da magariba zai wuce Sakkwato da abarsa, ko an gama ko ba a gama ba.

Saurayin da ke fitowa a mai duba ba shi da tsagar Gobirci, ni nake zana masa da kwalli. Da la'asar ta yi na ce ya je ya yi salla. Ya yi alwala, tsagar ta bi ruwa, ga kwallina ya ƙare. Bashiru ya dube ni kamar zai yi kuka.

Cikin masu kallo akwai wani dattijo manomi, Baba Ila, mai tsaga ta gaske. Na durƙusa na roƙe shi. Ya yarda, aka naɗa masa rawani, aka ce ya faɗi jimla ɗaya: gobe ɓarawon zai biyo ta nan.

Baba ya dubi kyamara ya ce, “Gobe ɓarawon na biyowa ta nan, in Allah ya so.”

Bashiru ya yi masa bayani a hankali cewa mai duban ya riga ya gani, ba ya shakka.

“Ɗana, mi ya gani? Ni ba ni shiga gaibu. Za ni gona, in kun ƙi.”

Rana tana ta yin ja, mai kyamara ya fara naɗe waya. Na ce wa Bashiru ya ɗauka haka nan.

Haka fim ya fito. Da aka nuna shi a Sabon Birni, wurin nan aka fi maimaitawa, ana dariya ana cewa Baba ya yi gaskiya. Abin da na koya ke nan: a sana'ar nan kana iya mai da mutum zamanin da, amma bakin dattijon Bagobiri ba ka iya zame masa darakta.