Wuƙar Baba da Fentin Ƙofa

Abin da na gada daga mahaifina wuƙa ce. Maƙeri ya ƙera masa ita tun yana aikin kuza. Ba ta da fenti, ba ta da ado, baƙinta na shekaru ne. Dokarta ɗaya: in ka gama aiki ka goge ta, ka shafa mata man gyaɗa. Daminar Jos ba ta raga wa ƙarfe.

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun kowa, samarin Tudun Wada suka tsiri hawa duwatsu ranar Asabar, wai shan iska, su gasa kaza. Kowa da baƙar wuƙarsa ta kanti, mai rufi, wadda aka ce ba ta tsatsa. Mijin ƙanwata, mutumin da ko albasa bai iya yankawa ba, shi ma ya shiga sahu. Ba shi da wuƙa, sai ya zo aron tawa. Don ƙanwata na ba shi, na kuma maimaita masa zancen mai har ya gaji.

Abokansa suka yi masa dariya, wai ya ɗauko wuƙar ƙauye. Ruwa ya dake su a can, ya cusa ta a jaka a jiƙe, ya mance. Da ya tuna, tsatsa ta kama ta. Gogan naka sai ya ɗauko ragowar fentin ƙofar gidansa ya lafta mata, har gindin ƙota.

Ya kawo mini yana washe baki.

"Yaya, na mai da miki ita ta zamani. Yanzu ba ruwanki da wani mai."

Na jefa ta cikin akwati don kada na riƙa ganinta. Ita kuwa tsatsa tana ƙarƙashin fenti tana cin abinta.

Da Babbar Sallah na fito da ita, domin ba mu taɓa rabon naman layya da wata wuƙa ba. Na kankare, na wasa, na ɗora a haƙarƙari na danna. Ta karye daga gindi.

Mijin ƙanwata yana zaune a tabarma, bakinsa cike da hanta. Ya ce, "Ai dama ta tsufa, Yaya."

Ƙotar na nan a wurina. Wurin da yatsan Baba ya lotsa, fenti ya cike shi.