Gudumar Tsohon Gana

Duk sanda na ji guduma ta faɗa kan ƙarfen taya, sai in tuna wata bazara a Arlit, can arewacin Nijar. Kwana tara ya rage a yi jarrabawar Ingilishi ta baka. Baba, direban babbar mota a mahaƙar yuraniyom, ya riga ya yanke magana: in na ci in ci gaba da lakwal, wato makaranta, in na faɗi in koma gindin keken ɗinkin inna. Ba ya magana biyu.

Matsalata dogayen kalmomi. Mu da Faransanci ya raina, ƙarshen kalma muke dannawa. Kullum malaminmu, da muke ce wa mushe, sai ya toshe kunne.

A ƙofar gidanmu akwai wani tsoho mutumin Gana mai gyaran taya. Aljeriya ya nufa tun yana saurayi, hanya ta ajiye shi nan. Ya ji ni ina kokawa da responsibility a zaure, ya yi dariya har da tari.

"Yarinya, wa ya ce kai haɗiye taya gaba ɗaya? Kwance shi."

Haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya.

Ya zana kalmar a ƙasa da ƙusa, ya raba ta shida. Ya nuna mini uwar kalmar, ya nuna wutsiyar da aka ɗaura mata, ya ce wutsiya ce ke jan nauyi zuwa wajenta. Sai ya ɗau guduma ya bugi ƙarfen taya: uku a hankali, ta huɗu da ƙarfi, biyu a hankali. Ya miƙo mini.

Kwana tara ina bugu cikin warin roba da zafin da ke ƙona tafin ƙafa. Kakata ta leƙo ta ce, "To, an mayar mini da jika maƙeriya!"

Ranar jarrabawa ba guduma, sai na riƙa bugun gwiwata a ƙarƙashin tebur. Mai jarrabawar ya ɗago kai.

"A ina kika zauna, Najeriya?"

"A ƙofar gidanmu, mushe."

Na ci. Baba ya kai wa tsohon tayoyin abokansa duka.

Yau kayan mota nake sarowa daga Tema ta ƙasar Gana, ciniki da Ingilishi, ba tafinta. Yarana waya ke furta musu kalma, ba su san kwance ta ba. Hasarata kanta biyu da guduma ta bar mini a tafin hannu. Ribar kuwa har yanzu ina ci.